Bushin Roba ko na Foliyuritan: Jagorar Sabunta Ƙafar Tsohuwar Peugeot 504

Duk wanda ya ɗauko tsohuwar mota da niyyar maido da ita yadda take a zamaninta, yawanci da fenti da kujeru yake farawa. Sai ranar da ya hau titi ya ji gaban motar yana yawo, sitiyari yana fizga idan an taka birki, ƙarƙashi kuma yana ƙwanƙwasawa a kowane rami, sannan hankalinsa yake komawa kan ƙafa. Sau da yawa ba shakazoba ce kaɗai ta mutu ba. 'Yan robobin nan da ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, waɗanda makanikai ke kira bushin, su ne suka gama aiki tun shekaru da dama. Zan ɗauki Peugeot 504 misali, wadda muke kira Fijo, domin ita ce tsohuwar motar da muka fi sani: ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, kuma an ci gaba da yin 504 a can shekaru masu yawa bayan an daina yin ta a Turai. Abin da zan faɗa a kanta ya shafi Mercedes W123 da sauran sa'o'inta, in ban da 'yan bambance-bambance na ƙira.

Tambayar da mai gyara ke fuskanta ita ce ko ya mayar da roba irin ta asali, ko ya sayi bushin foliyuritan (wani haɗin sinadari mai kama da roba), wato masu launin nan ja ko shuɗi ko rawaya da ake tallatawa da cewa ba sa mutuwa. Ra'ayina, wanda zan kafa hujjarsa a nan gaba, shi ne ƙarko ba a jikin kayan kaɗai yake ba. Ya danganta da gurbin da aka sa bushin, da yadda aka ɗaure shi, da kuma irin hanyar da motar za ta bi.

Mataki na farko shi ne fahimtar yadda kowanne yake aiki, domin wanda bai gane wannan ba zai ɓata sabon kaya da hannunsa. Bushin roba na asali bututun ƙarfe biyu ne, ƙarami a cikin babba, an cika tsakaninsu da roba wadda ta kama su gam. Babban yana matse a cikin hannun ƙafa, wato ƙarfen da ke haɗa taya da jikin mota, ƙaramin kuma ƙusa ce ta danne shi da jikin mota. Idan taya ta hau ko ta sauka, babu abin da ke zamewa a kan wani. Robar ce take murɗuwa a cikin kanta sannan ta dawo. Saboda haka ba ya buƙatar giris, ƙura ba ta da ƙofar shiga, kuma yana shanye girgiza kafin ta iso kujera. Abokan gabarsa su ne baƙin mai, da zafi, da iskar ozon, da tsawon zamani. Mai yana kumbura roba har ta yi laushi kamar tuwo, zafi da iska kuma suna busar da ita ta tsattsage.

Foliyuritan, wanda Otto Bayer da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Jamus a 1937, ba haka yake aiki a ƙafar mota ba. Yawanci gida biyu ake yin sa, a tura ɗaya ta kowane gefen ramin, sannan a zura bututun ƙarfe a tsakiya. Bai manne da bututun ba, juyawa yake yi a kansa. Wannan yana nufin akwai fuska biyu da ke gogar juna a duk motsin taya, kuma duk inda ake guga dole a sami giris. Mai da fetur ba sa cin sa kamar yadda suke cin roba, iska ba ta tsattsaga shi, kuma ba ya lotsewa da wuri. Amma yana da nasa cututtukan: idan giris ya ƙare yana kuka, idan yashi ya shiga yana cinyewa har ramin tsakiya ya zama kamar ƙwai, zafi mai yawa kusa da salansa yana sa shi laushi, sannan nau'in da aka yi da sinadarin foliyesta yana ruɓewa a wuri mai ɗumi da danshi har ya riƙa marmashewa, alhali wanda aka yi da sinadarin foliyita ya fi jure ruwa.

Akwai kuma batun tauri, wanda ake aunawa da ma'aunin Shore A. Robar ƙafar mota ta asali galibi tana tsakanin 50 da 70, foliyuritan kuma daga kamar 70 har zuwa 95. Kamfanin Powerflex na Ingila, alal misali, yana sayar da mai launin shunayya a kan 80 don titi, baƙi kuma a kan 95 don filin tsere. Mai 95 ba shi da wurin zama a jikin 504, motar da ta yi suna da laushin tafiya a kan hanya marar kyau. Wanda ya sa mata irinsa ya kashe abin da ya sa ake son ta, kuma girgizar da roba ta saba shanyewa za ta koma kan ƙarfen da ya yi shekaru da dama yana aiki, wanda wataƙila tsatsa ta riga ta rage masa kauri.

Mataki na biyu shi ne bincike, kuma a yi shi kafin a sayi komai. A wanke ƙarƙashin motar sosai, a ɗaga ta, a tokare ta da ƙarafan tokara a kan daɓe mai ƙarfi, kada a shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. A ɗauki dogon ƙarfe irin na cire taya a sa tsakanin hannun ƙafa da mazauninsa a ɗan matsa. Bushin mai lafiya zai ɗan ba da kai ya dawo nan take. Wanda ya mutu zai bar hannun ya yi tsalle, ko a ga bututun tsakiya ya koma gefe guda, ko a ga jan garin tsatsa yana fitowa daga inda roba ta rabu da ƙarfe. 'Yan ƙananan tsage a fatar waje ba lallai su zama alamar mutuwa ba, amma tsagar da farce zai shiga ta isa hujja. A rubuta kowane gurbi a takarda, tare da lura ko a jiƙe yake da mai ko a bushe, domin wannan bayanin ne zai yanke hukunci a mataki na gaba. Idan injin yana zubar da mai a kan ƙafar gaba, a fara toshe yoyon, in ba haka ba sabuwar roba ba za ta daɗe ba.

Mataki na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne zaɓen kaya gurbi-gurbi maimakon sayen saiti guda a zuba wa motar gaba ɗaya. Tambayar da za a yi wa kowane gurbi ita ce: wane irin motsi ake yi a nan? Idan juyawa ce kawai a kan layi ɗaya, ko kuma dannawa ce kai tsaye, foliyuritan zai yi kyau kuma zai iya fin roba daɗewa. Idan kuwa hannun yana juyawa yana kuma karkata gefe a lokaci guda, roba ce ta dace, domin foliyuritan mai tauri ba ya yarda da karkata, sai ya ƙi motsi ya tura wahalar ga ƙarfe.

A kan wannan ma'auni, bushin sandar sitabilaiza, wadda ke rage karkatar mota a kwana, da na 'yan sandunan da ke haɗa ta da ƙafa, wurare ne da nake ba foliyuritan ba tare da shakka ba, musamman na gaba da ke zaune a inda mai ke ɗiga. Haka nan robobin idon shakazoba, da na idon sifirin mai ganye a bayan a-kori-kura, inda nauyin kaya ke lotsar da roba cikin ɗan lokaci. Amma sandar da ke riƙe hannun ƙasa na gaba don kada taya ta ja baya lokacin birki, a bar mata robarta. Sandar nan tana lilo sama da ƙasa tare da taya, kuma robar ce ke ba ta damar yin haka. Masu gyaran tsofaffin Ford Mustang na shekarun 1960 da Datsun 240Z sun daɗe suna gargaɗi a kan irin wannan sanda, domin an sha ganin ta karye a wajen zare bayan an matse ta tsakanin foliyuritan mai tauri gaba da baya. Ƙarfen yana lanƙwasawa kaɗan-kaɗan sau dubbai har ya gaji, kuma ranar da zai karye ba ya sallama. Karyewar wannan sanda a kan gudu tana iya raba direba da ikon motarsa, shi ya sa ban ɗauki wannan a matsayin batun ra'ayi ba.

A bayan nau'in 504 salun da kowace taya ke da nata hannun, manyan robobin da ke haɗa gadar baya da jikin mota su ma a bar su roba. Aikinsu shi ne hana ƙugin difaransha da rurin taya shiga cikin mota, kuma da zarar an sa mai tauri a wurin za a riƙa jin kukan a kujerar baya. Su kansu bushin hannuwan baya suna iya karɓar foliyuritan mai laushi, amma a nan ne batun ƙura yake shigowa, wanda masu tallan kayan a Turai ba su cika ambata ba. Motar da za ta yi hunturu a Kano ko Zinder, ta bi jar hanya, ta kuma ratsa ruwan damina, giris ɗinta zai haɗu da yashi ya zama kamar samfefa a cikin bushin. Roba a rufe take, ba ruwanta da wannan. Don haka wanda ya san ba zai riƙa kwancewa yana sabunta giris ba, roba mai kyau za ta fi yi masa ƙarko a irin waɗannan gurabe, duk da abin da aka rubuta a jikin kwali.

Na ce roba mai kyau, kuma nan ne gizo ke saƙar. Abin da ya sa mutane da yawa suka koma foliyuritan ba gazawar roba ba ce, lalacewar ingancin wadda ake samu yanzu ce. Robar da ta zo da mota daga masana'anta tana iya yin shekaru masu yawa, amma ta kasuwa marar suna wani lokaci ba ta ganin damina biyu. Na taɓa sayen saitin gaba a wani shago, sabo fil a leda, baƙi yana sheƙi, kafin shekara ta zagayo na ga gefunansa sun dare kamar ƙasar fadama da rani. Haka kuma tsohon kaya na asali da ya kwana a shago shekara 30 ba sabo ba ne don kawai ba a taɓa ɗaura shi ba. Ƙa'idar ISO 2230 ta ajiyar kayan roba ta ba robar itace shekara 5 a ajiya kafin a sake duba ta, kuma wannan a wuri mai sanyi da duhu ne, ba a shagon kwano da rana ke dukansa ba. Idan za a saya, a Panteka ne ko a Ƙofar Ruwa ko daga waje, a tafi da tsohon bushin da ma'aunin kauri, a danna sabon da farce a ga ya dawo, a lanƙwasa leɓensa a duba ko tsaga za ta buɗe, a kuma goga shi da farin ƙyalle. Wanda ke barin baƙi mai yawa ko yake da maiƙo a jiki abin zargi ne. Bushin da ake yankowa daga tsohuwar taya yana fitar da mutum daga daji, kuma ban raina basirar masu yin sa ba, amma ba shi da bututun da ya manne da shi, taurinsa kuma ba a san shi ba, don haka ba kayan maido da mota ba ne.

Mataki na huɗu shi ne kwancewa. A jiƙa ƙusoshi da man sassauta tsatsa kwana ɗaya ko biyu kafin aiki, a ɗauki hoton kowane gefe, a yi wa hannuwan alamar dama da hagu. Sifirin mai naɗi yana ɗauke da ƙarfin da zai iya kashe mutum, saboda haka duk inda aikin ya shafe shi sai da na'urar matse sifirin ta gaskiya. Kafin a fitar da tsohon bushin a duba ko yana da rami ko kibiya a jikinsa, domin wasu suna da fuskar da dole su kalla, a yi alama a jikin hannun.

Hanya mafi tsabta ta fitarwa ita ce na'urar matsi, tare da guntun bututu da ya yi daidai da bakin bushin, da wani mafi faɗi a ƙasa wanda zai karɓe shi. In babu na'ura, doguwar ƙusa mai zare da noti da wasu faifan ƙarfe masu kauri suna yin aikin, sai dai a hankali. Idan ya kafe, a huda robar da abin huda ƙarfe a zagaye har bututun tsakiya ya fita, sannan a zura zarto a yanka bututun waje daga ciki, a tsaya kafin haƙoran zarton su taɓa hannun, sai a naɗe shi da kurfi ya faɗo. Amma kafin a yanka, a karanta takardar sabon kayan, domin wasu bushin foliyuritan an ƙera su ne su zauna a cikin tsohon bututun waje, kuma wanda ya riga ya yanke shi ya jawo wa kansa neman wani. Ƙona roba da wuta, wanda ya zama ruwan dare a garejinmu, ban yarda da shi ba: hayaƙin guba ne, zafin kuma yana iya taɓa ƙarfin hannun. Shi foliyuritan ma hayaƙinsa ya fi muni, kada a kusantar da shi da wutar walda.

Bayan fitarwa a goge ramin da samfefa har tsatsa ta fita, a shafa yatsa a ji ko akwai kaifi, a auna shi ta fuska biyu. Ramin da ya buɗe ko ya zama ƙwai ba zai riƙe kowane irin bushin ba, sai a nemi wani hannun. Wannan ne kuma lokacin duba tsaga a wajen walda da yi wa hannun fenti, amma kada fenti ya taru a cikin ramin.

Mataki na biyar shi ne sakawa, kuma a nan hanyoyin biyu suka rabu. Bushin roba mai bututun waje ana matsa shi ne ta bakin ƙarfen waje kawai, ba ta tsakiya ba, domin matsa tsakiya yana yage mannewar tun kafin motar ta taka ƙasa. Wanda roba ce tsirara a waje a shafa masa ruwan sabulu, wanda zai bushe ya bar shi a kame. Kada a kusantar da giris ko baƙin mai ko man birki, ko da makaniki ya ce haka aka saba. Shi kuwa foliyuritan giris ne ransa, amma irin wanda ya zo da shi, wato na silikon mai kauri da ruwa ba ya wankewa. A cika ramin tsakiya da shi, a shafe bututun, a shafe fuskokin gefe da za su gogi mazauni, domin daga can kuka yake fara fitowa. Bututun ya kasance mai santsi, in da hali na ƙarfen da ba ya tsatsa, tunda bututu mai tsatsa zai cinye bushin daga ciki. A kuma gwada tsawonsa: dole ƙusa ta danne bututun ne, ba naman foliyuritan ba. Bayan an ɗaure, a ɗaga hannun ƙafar da hannu a gani; ya kamata ya motsa da ɗan nauyi amma ba tare da tsayawa ba. Idan sai an taka shi da ƙafa yake motsi, akwai abin da ya matse, a kwance a gyara.

Mataki na shida gajere ne a faɗa, amma shi ne ya fi kashe sabbin robobi. Kada a yi wa ƙusar bushin roba ɗaurin ƙarshe motar tana rataye. Idan aka ɗaure tayoyi suna lilo a sama, sannan aka sauke motar, robar za ta zauna a murɗe tun tana tsaye, kowane rami kuma ya ƙara murɗa ta fiye da iyakarta, cikin 'yan watanni ta yage a ɗora wa mai shago laifi. Abin da ya dace shi ne a ɗaura notin sama-sama, a sauke motar a kan tayoyinta, a tura ta gaba da baya, a danna kowane kusurwa sau da yawa ta zauna, sannan a shiga ramin gareji a ɗaure da sifana mai awo gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa. Foliyuritan mai juyawa a kan bututu bai damu da wannan ba sosai, amma tunda an gauraya iri biyu a mota ɗaya, ya fi sauƙi a bi ƙa'ida guda. Noti mai roba a baki wanda aka taɓa kwancewa a canza shi da sabo.

Daga nan sai wajen alaimen, domin sabbin bushin sun mayar da hannuwa inda suke tun asali, saitin da aka yi a kan matattu kuma ya tashi aiki. Bayan tafiyar kamar kilomita 500 zuwa 1,000 a koma rami a bi ƙusoshin da sifana, a duba ko wani bushin ya fara fitowa daga gurbinsa.

Kulawar da ta rage ba iri ɗaya ba ce. Roba ba ta son komai sai a raba ta da mai, a kuma riƙa tuƙa motar, domin wadda aka jingine shekara da shekaru robobinta suna lotsewa ta gefe ɗaya. Foliyuritan kuwa, a irin ƙurarmu, ina ba da shawarar a duba shi sau biyu a shekara, bayan hunturu da bayan damina. Idan aka ji ƙara kamar ta ƙofar katako lokacin hawa kan tudun rage gudu, ko aka ga garin launin bushin a gefen mazauni, giris ya ƙare. Fesa mai daga waje yana kashe kukan na kwana biyu ne kawai, bai kai inda ake gugar ba. Sai an zare ƙusar, an fitar da bututun, an wanke tsohon giris da yashin da ke cikinsa, an duba ko bututun ya fara rawa a ramin, sannan a cika da sabo a mayar. A takardar nan ta binciken farko a rubuta ranar da aka yi haka da abin da mitar motar ta nuna, da taurin bushin da aka sa a kowane gurbi, a ajiye ta tare da takardun motar.